Birkin Tsohuwar Peugeot da Duwatsun Murhu

Tsofaffin motoci sun fara samun masu so. Peugeot 504 da aka daɗe da jinginewa a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta, yau sai ka ga wani ya fanso ta, ya kai ta wurin mai fenti, ya sa an ɗinka mata sababbin kujeru, an wanke injin har yana ƙyalli. Wani motar mahaifinsa ce, ba ya son ta ƙare a hannun 'yan gwangwan. Wani kuwa ƙirarta ce kawai ta shiga ransa. Duk wanda ya shiga wannan hidima, ko ba jima ko ba daɗe zai zo kan maganar birki, kuma shawarar da zai fi ji daga bakin abokai da makanikai ita ce: "Alhaji, a cire gangar bayan nan a sa mata faifai irin na motocin zamani, ka huta."

Shawarar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Aikin yana yiwuwa, akwai ma motocin da ya dace a yi musu shi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake raina shi, ana ganin bai wuce a kwance noti huɗu a ɗaura wasu ba. Birkin baya yana cikin wani tsari ne da aka auna aka daidaita tun daga masana'anta, kuma wanda ya taɓa ɓangare ɗaya ya taɓa sauran, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari mu fara duba abin da ake cirewa da abin da ake sawa. Birkin ganga, wanda makanikai ke ce wa diram, ƙarfe ne mai zurfi da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai shu guda biyu masu lanƙwasa. Idan direba ya taka feda, man birki ya bi bututu ya tura wata 'yar silinda, ita kuma ta buɗa shu ɗin su goga jikin gangar daga ciki. Da ya ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo su su koma mazauninsu. Birkin faifai kuwa a fili yake: faifan ƙarfe ne ke juyawa da tayar, kalifa ta hau bakinsa, ta matse shi da fad biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje.

Mutane da yawa suna zaton faifai ɗan bana ne, alhali sa'annin juna ne shi da ganga. A shekarar 1902 Louis Renault ya fito da birkin ganga irin wanda muka sani, a Faransa, kuma a wannan shekarar ce Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Birmingham ta Ingila. Ganga ce ta ci kasuwa har kusan shekara 50. Faifai bai yi suna ba sai a 1953, lokacin da motar Jaguar mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta lashe tseren awa 24 na Le Mans. A 1955 kuma Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba, ya shigo hannun masu saye na yau da kullum.

Zafi ne ya ba faifai nasara. Aikin birki shi ne ya mayar da gudun mota zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,300, tana gudun kilomita 100 a awa, in aka tsayar da ita cak, zafin da birkinta zai haɗiya cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya kai ruwa lita ɗaya da rabi ga tafasa. In aka ninka gudun, zafin ninki huɗu yake yi. Ganga a rufe take, tana riƙe zafin nan a cikinta. Tana ɗaukar zafi tana buɗewa, tana nisanta da shu, sai direba ya ji feda tana ƙara nutsewa, riƙo kuma yana raguwa. Duk direban da ya taɓa gangaro Hawan Kibo da cikakken lodi, ƙafa a kan birki tun daga sama, ya san warin nan da ke tasowa, ya kuma san faɗuwar gaban da ke biyo bayansa. Faifai kuwa iska na dukansa ta ko'ina, in ma zafi ya kumbura shi, ƙara kusantar fad yake yi. In an ratsa ruwa da damina, juyi kaɗan ya watsar da shi, ita kuwa ganga sai an ɗan tattaka kafin ta bushe. Faifai ba ya buƙatar a riƙa saita shi lokaci zuwa lokaci, kuma da an cire taya za a ga ko fad ya cinye.

To, in haka ne, me zai hana a sa shi a baya? Kamfanin Peugeot da kansa ya ba da amsa iri biyu a mota ɗaya. Da 504 ta fito a 1968, salun ɗinta faifai ne a ƙafa huɗu, kuma a haka ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Amma da aka yi wagon, aka yi a-kori-kura, motocin da aka san lodi za su sha, sai aka sa musu ganga a baya. Su ne kuma suka cika tashoshinmu da kasuwanninmu, tun da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975 har zuwa 2006 da aka daina yin 504. Injiniyoyin da suka san faifai ciki da bai ba mantuwa suka yi ba. Aikin da kowace mota za ta yi suka duba, suka auna, suka ba ta abin da ya dace da ita.

Wannan awon shi ne gundarin maganar, kuma duk wanda ya taso a gidan da ake girki da itace ya riga ya san shi. Murhu duwatsu uku ne. Idan wuta ta tsaga ɗaya, uwargida ba ta cewa a nemo mata dutsen da ya fi kowane kyau a unguwa. Wanda zai yi daidai da 'yan'uwansa biyu take so. In yaro ya kawo mata sabo, mai ƙwari, sumul, amma ya ɗara sauran tsawo da yatsa biyu, ba za ta ɗora sanwa a kansa haka nan ba. Za ta durƙusa ta tona ƙasa a gurbinsa, ta zaunar da shi, ta jijjiga ta ji ko yana motsi, ta cusa masa tsingaro ta gefen da ya yi rangwangwan. Sannan ta ɗora tukunya, ta zuba ruwa, ta ja da baya ta duba gefen da ruwan ya rinjaya. Sai ta ga ya kwanta daidai da bakin tukunyar ta kowane gefe kafin ta hura wuta.

Tana yin haka ne don ta san halin tukunya. Wadda ta ɗan karkace tana iya zama lafiya lau muddin ruwa kawai ake dafawa. Asirinta ba ya tonuwa sai lokacin tuƙi: an yi talge, an zuba gari, tuwo ya yi kauri, uwargida ta sa muciya da iya ƙarfinta. A nan ne dutsen da bai zauna ba yake gocewa, tukunya ta kife, abincin gida ya tafi, wataƙila har da ƙuna.

Birkin mota ma duwatsu uku ne: birkin gaba, birkin baya, sai masta da bawul-bawul ɗin da ke raba musu mai. Sa faifai a baya sauya dutse ɗaya ne. Kyan sabon dutsen bai isa hujja ba. Zamansa da sauran biyun ake dubawa.

Lokacin da aka taka birki, nauyin mota gaba yake komawa. Shi ya sa fasinja ke rinjaya gaba, hancin mota ya duƙa, bayanta ya ɗaga. Tayoyin gaba su ƙara danne kwalta, na baya su yi sakayau. Don haka birkin gaba ne ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aikin, a taku mai ƙarfi ma har fiye. Na baya mataimaki ne, kuma da gangan aka taƙaita masa ƙarfi. Riƙon da taya ke yi wa kwalta gwargwadon nauyin da ke kanta ne; in aka matse ta fiye da haka, sai ta daina juyawa ta kama ja da ƙasa. In tayoyin gaba ne suka fara kullewa, motar za ta tafi a miƙe, sitiyari ya ƙi ji, amma da direba ya ɗan sassauta ƙafa sai ta dawo hannunsa. In na baya ne suka riga, bayan motar ne zai nemi ya wuce gabanta, ta juya a tsakiyar titi kafin direba ya gama salati. Wannan ne dalilin da ya sa masu ƙera mota ke tsara birki yadda gaba zai riga baya kullewa. Tsofaffin motocin nan kuma ba su da na'urar ABS da za ta rufa wa kuskure asiri.

Ga inda haɗarin yake ɓuya. Mai mota ya karɓo ta daga gareji, ya zaga cikin gari, ya tsaya a danja, ya rage gudu a shataletale, ya ji birki yana kamawa tun daga sama, ya yi hamdala. Duk wannan dafa ruwa ne. Tuƙin yana nan tafe, wata yammar da aka yi yayyafi, kwalta ta yi santsi, shi kaɗai ne a motar ba ko jaka a but, sai ga akuya ta faɗo titi a kan kwana. A ranar ne zai san ko dutsen ya zauna, kuma ba ranar koyo ba ce.

Tukunyar tana iya karkata ta ɗaya gefen ma, abin da ba a cika zato ba: a sa faifai, birkin baya ya ragu. Ganga tana da wata baiwa. Juyawarta tana jan ɗaya daga cikin shu ɗin ta ƙara cusa shi a jikinta, don haka da matsi kaɗan take ba da riƙo mai yawa. Faifai ba shi da wannan. Iya abin da aka matsa masa, iya abin da zai bayar. In aka ɗauko ƙaramar kalifa aka haɗa ta da bawul ɗin da aka auna don ganga, sai aikin ya tattaru a gaba, fad ɗin gaba su riƙa cinyewa da wuri, tazarar tsayawa ta ƙaru, musamman in an yi lodi. Mutum ya zuba kuɗi ya sayi birkin da bai kai na da ba.

Dutse na uku shi ne aka fi mantawa da shi, domin ba a hango shi ta cikin rim. Masta ita ke mayar da takun ƙafa matsin mai, kuma an zaɓi faɗinta ne daidai da silindojin da za ta ciyar. Fistan ɗin kalifa ya fi na 'yar silindar ganga faɗi nesa ba kusa ba. Yayin da fad ke cinyewa kuma, fistan yana ƙara fitowa, man da ke bayansa yana ƙaruwa, na cikin kofin masta yana raguwa, don haka kofin da aka yi don ganga yana iya yi wa faifai kaɗan. In masta ta yi wa kalifa ƙanƙanta, feda za ta yi doguwar tafiya kafin ta kama. In ta yi girma, feda ta yi tauri, sai an miƙe a kanta. Ido ba ya raba wannan gardama. Lissafi ne na faɗin masta, da faɗin fistan, da girman faifai.

A tsofaffin motoci da yawa akwai wani ɗan bawul a bakin masta, a layin da ke zuwa ganga, wanda ke riƙe ɗan matsi ko da an ɗaga ƙafa, kimanin 10 a ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya. Amfaninsa shi ne robobin silinda su zauna a manne kada iska ta shiga. Sifirin ɗin shu ya fi ƙarfin wannan matsin, don haka ba ya sa ganga ta kama. Kalifa ba ta da irin wannan sifirin. Robar da ke kewaye da fistan ce kawai ke janye shi baya ɗan ƙanƙani. In aka bar bawul ɗin a wurinsa, fad zai yi ta gogar faifai duk tsawon tafiya. Alamarsa ita ce mota ta yi nauyi, ta ƙara shan fetur, in ka tsaya ka kai hannu kusa da rim ɗin baya ka ji huci yana dukanka.

A ƙarƙashin 504 kuma, wajen ƙafafun baya, akwai wani bawul mai ɗan hannu da sifirin, wanda aka haɗa da ƙafar motar. Shi ke gane nauyin da aka ɗora. In an cika mota da fasinja da buhuna har ta zauna, sai ya bar matsi mai yawa ya wuce baya. In wayam take, ya rage. A motoci da dama tsatsa ta cinye shi ya daskare, a wasu ma an daɗe da cire shi an haɗa bututu kai tsaye. Wanda zai sa faifai, da wannan ya kamata ya fara. Ko dai a gyara shi a sake saita shi, ko a sa bawul mai murɗi wanda za a riƙa rage wa baya matsi da shi har a samu daidai. Wannan shi ne tonon ƙasar da uwargida ke yi a gindin sabon dutse, kuma shi ne aikin da ba a ganinsa in an gama.

Sai kuma zaman dutsen kansa. Kalifa ba ta da mazauni a kan aksil ɗin da aka yi don ganga, sai an ƙera mata. Ko da kayan salun mai faifai aka yi sa'ar samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ƙirar ƙafar bayanta daban take da ta wagon da a-kori-kura: a waccan kowace taya da hannunta, a waɗannan kuwa aksil ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu. Mazaunin nan shi ke tare duk ƙarfin da ke son fizge kalifa ta bi faifai. Ƙarfe mai kauri ake yankawa a inji, a huda shi bisa awo, a ɗaure da kusoshi masu ƙwari irin waɗanda aka buga wa lamba 10.9 a ka. Guntun ƙarfen da aka tsinta aka liƙa da walda a bakin titi ba shi da gurbi a nan. Kalifa ta zauna a tsakiyar faifai daidai, fad ya kwanta a kansa gaba ɗaya. In ta karkace ko yaya, fad zai ci gefe guda, feda ta yi laushi. Faifan ma a auna shi yana juyawa, domin in yana layi fiye da kashi ɗaya cikin goma na milimita, feda za ta riƙa bugun tafin ƙafa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke cin mutane. Bututun ƙarfe ne ke shiga silindar ganga, tun da ba ta motsi. Kalifa mai zamewa kuwa tana motsi, sai an sa mata tiyon birki, a kuma bi da shi inda taya ko sifirin ba za su goge shi ba. Kaurin faifai yana iya turo taya waje, sai a duba ko kusoshin tayar sun rage isasshen zaren da noti zai kama. Rim ɗin asali mai inci 14 wani lokaci ba ya ɗaukar kalifa, mutum ya shiga neman wasu, alhali ramuka huɗun salun 504 masu tazarar milimita 140 ba kowace mota ke da irinsu ba. Ga kuma kuskuren da ake yawan yi, na ɗaura kalifar dama a hagu. Za ta ɗauru lafiya, amma ɗan notin fitar da iska zai koma ƙasa, iska kuwa a sama take taruwa. Sai ka ga yaron gareji a cikin mota yana ta famfo, maigidansa a kwance a ƙasa yana "Taka! Riƙe! Saki!", har kwalbar mai ta ƙare, feda na nan tuɓus. Da an musanya kalifofin biyu, minti kaɗan ya isa.

Hambirki shi ne wanda aka fi yi wa rowa. Ganga gwana ce a wannan fanni: waya ta ja, shu ya buɗe ya cije, mota ta kwana a gangare ba ta motsa ba. Faifai sai an samo kalifa mai hannun hambirki a jikinta, ko irin faifan da ke da 'yar ganga a cikinsa don wannan aikin kaɗai, sannan a daidaita tsawon wayar. Da yawa in kuɗi ya yi ƙasa sai su ce, "A bar hambirkin nan, na riƙa sa ta a giya." Sun manta cewa shi ne birkin da ke rage wa direba ranar da tiyo ya fashe mai ya zube. Ko an haɗa shi ma, faifai mai zafi yana ɗan tsukewa in ya huce, riƙon ya sassauta, don haka a gangare a haɗa masa da giya.

In an gama ɗauri, saura gwajin ruwa. Sabon fad da sabon faifai sai sun saba da juna: a tashi daga gudun kilomita 60 a sauko kusa da 10, da taku matsakaici, sau da dama a jere ba tare da an tsaya cak ba, sannan a bar su su huce ana tafiya. Daga nan a nemi fili ko hanyar da ba kowa, a sa mutum ya tsaya gefe daga nesa yana kallon tayoyi. A taka da ƙarfi a gudu kaɗan, a ga wacce ta fara kullewa. A gwada mota wayam, a gwada ta da lodi. A gwada a busasshiyar kwalta, a gwada a jiƙaƙƙiya ko a kan burji. In baya ta riga gaba ko da sau ɗaya ne, a koma kan bawul a rage. In mota ta ja gefe, a koma kan kalifa. Makanikin da ya miƙo maka makulli bai yi wannan ba, da sauran aiki a gabansa, kuma kada kunya ta hana ka gaya masa.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata ta riga duk wannan: dutsen tsagewa ya yi, ko kuwa toka ce ta taru a gindinsa? Yawancin tsofaffin motocin da ake kuka da birkinsu, rashin kulawa ne ya kai su haka. Ka sa a buɗe ganga ɗaya a gabanka ka gani. Sau da yawa za ka tarar silinda tana tsiyaya ta jiƙa shu, ko man aksil ya ɓullo ta sil ya shafe ko'ina, sifirin ya saki, abin saiti ya daskare, cikin gangar ya yi zane-zane har farce na maƙalewa. Tiyon robar da ya shekara 30 yana kumbura in an taka, ya shanye matsin da ya kamata ya isa taya. Man birki kuma yana zuƙar danshin iska. Ƙa'idar man birki irin na DOT 4 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma in ya sha ruwa ƙa'idar tana saukowa zuwa 155. In kuwa mai ya tafasa a bututu, feda ƙasa za ta tafi, ko faifai ne a motar ko ganga. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. A kuma kiyaye da ƙurar cikin tsohuwar ganga. Ba a busa ta da baki ko da iskar kwamfresa, domin shu na da, da yawansu da asbestos aka yi su, mai illa ga huhu. A jiƙa ta a goge.

In an gyara waɗannan, gangar baya za ta iya kulle taya a kan kwalta. Birkin da ya iya kulle taya kuwa ya riga ya kai iyakar abin da tayar za ta bayar, don haka faifai ba zai rage tazarar tsayawa ta farko ba. Taya mai kyau ce ke rage ta. Fifikon faifai yana fitowa ne a taku na biyar da na goma a jere, lokacin da zafi ya taru. Wannan ya sa ganga ba ta mutu ba har yau. Toyota Hilux ta yi shekara da shekaru da ita a baya, manyan motocin dakon kaya da yawa a kanta suke, Volkswagen ma ta sa ta a bayan motocinta masu lantarki ID.3 da ID.4. A hanyar ƙura da tsakuwa, rufin nan da ke hana ta shan iska shi ne ke kare shu ɗinta ya daɗe.

Wa ya kamata ya sauya ke nan? Wanda ya sa wa motarsa injin da ya fi na asali ƙarfi, gudunta ya ƙaru. Wanda hanyarsa ta kullum hawa da gangara ce, irin ta Filato ko Mambila. Wanda gangarsa ta cinye ta wuce iyakar awonta, ga shi ba a samun wata. Waɗannan suna da hujja, kuma in an yi musu aikin yadda ya kamata za su ji daɗinsa. Motar da ganga ce a ƙafafunta huɗu, kamar yawancin Volkswagen Beetle na da, gaba ya kamata a fara sa wa faifai, tun da can aikin yake. Sa shi a baya a bar ganga a gaba ɗaga dutsen da ya kamata ya fi kowane ƙasa ne. Wanda kuwa motarsa ta zuwa Juma'a ce da ɗaurin aure da yawon Sallah, ganga mai lafiya ta ishe shi, kuma motar ta fi daraja a wurin masana in tana kan ƙirarta ta asali. In ma an sauya, a wanke tsofaffin kayan a adana su, kada a yanke wani abu a jikin aksil da ba za a iya mayarwa ba. A kuma rubuta a takarda daga wace mota aka ɗauko kalifa da faifai da fad, a ajiye tare da takardun motar, domin wata rana a wani gari fad zai ƙare, kuma makanikin can ba zai san wanda zai saya ba.

Idan ka yanke shawarar yi, ka zauna da makanikin tun kafin a ɗaga mota a jak. Ka ce masa, "Malam, mastar nan za ta ɗauka? Bawul ɗin baya yana aiki? Hambirki ta yaya za a haɗa shi? A ina za mu gwada?" Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayoyin nan, ya jawo maka benci ya yi maka bayani dalla-dalla, wataƙila ma ya ce ka bari a fara gyara gangar a gani. Wanda ya ce, "Ranka ya daɗe, kai dai kawo kuɗin kaya, abu ne mai sauƙi," ka yi masa godiya ka karɓi makullinka.

Sauran gyare-gyaren mota in sun ɓaci, aljihunka ne zai ji a jikinsa. Birki kuwa iyalinka da ke zaune a baya suna da haƙƙi a cikinsa, haka mai babur ɗin da ke gabanka, haka 'yan makarantar da ke tsallaka titi. Ba su san me aka ɗaura a ƙafar motarka ba, sun dai amince za ta tsaya. Saboda su, ko dai a yi aikin cikakke, da awo da gwaji, ko a gyara gangar a bar ta yadda masu ƙira suka auna ta.